Daga Singa Zuwa Shagon Ƙauye: Yadda Ake Shigar da Fasahar Zamani Cikin Jigilar Kaya Ba Tare da An Tafka Asara Ba

Duk wanda ya taɓa tsayawa a bakin hanyar Kano zuwa Gumel da sanyin safiya ya ga wani abu da ido ya saba da shi har ya daina ɗaukarsa asara: akori-kura da motocin kanta suna sheƙa gudu sun nufi birni wayam, babu komai a bayansu sai igiya da tamfol da yaron mota a kishingiɗe. Da la'asar za su dawo maƙare da katan-katan na taliya da sabulu da jarkokin mai da buhunan sukari daga Kasuwar Singa. A ranar nan kuma, a ƙauyen da motar ta taso, akwai manomin da ya kwana yana cigiyar wanda zai kai masa buhu goma na riɗi kasuwar hatsi ta Dawanau. Man da aka ƙona a tafiyar wayam ɗin ba direba ne yake biyansa ba. An raba shi a kan kowane katan, mai shago ya raba shi a kan kowane ƙullin sukari, mai saye ya biya bai ma sani ba.

Tun daga ranar 29 ga Mayun 2023, da Shugaba Bola Tinubu ya bayyana cewa tallafin man fetur ya kau, lissafin wannan tafiya ya sauya, domin cikin 'yan kwanaki litar da farashinta na hukuma bai kai naira 200 ba ta haura naira 500 a Kano, daga baya kuma ta wuce nan nesa ba kusa ba. Masu tallan manhajoji da na'urori sun samu bakin magana, suna cewa da na'urar bin sawun mota, da manhajar tsara hanya, da ƙirƙirarriyar basirar da take hasashen abin da za a saya, za a rage mai, a rage ɓarna. Ba ƙarya suke yi ba, domin manyan kantunan Turai da Amurka da Sin da irin waɗannan kayan suke aiki. Abin da ba sa faɗa shi ne, an ƙera su ne domin wuraren da lantarki ba ya ɗaukewa, sabis ba ya yankewa, kowane gida yana da adireshi, kowane kaya yana da ma'auni ɗaya, kuma yarjejeniya a rubuce take. A karkarar Kano da Jigawa babu ɗaya daga cikin waɗannan da mutum zai rantse a kansa.

Jigila mai ɗorewa ba wani abu ne mai wuyar fahimta ba: kaya su isa hannun mai saye an ƙona mai kaɗan, abin da ya lalace a hanya kaɗan ne, ba a bar shara mai yawa a baya ba, kuma duk wanda ya sa hannu ya samu abin da zai sa ya dawo gobe. Fasaha tana iya taimakawa a kai ga wannan, amma sai an bi ta daki-daki, an fara da abin da ƙauye zai iya ɗauka.

Fara da littafi

Matakin farko ba ya buƙatar waya ko kaɗan. Ka sayi littafi mai bango mai ƙwari, ka yi mako huɗu kana rubuta kowace tafiya da aka yi domin shagonka ko sitonka: ranar da aka tafi, inda aka je, abin da aka ɗauko, kuɗin mota, ladan 'yan dako, kamashon tasha, abin da aka miƙa a shingayen hanya, lokacin da kaya suka iso, abin da ya fashe ko ya jiƙe ko ya ɓace, da kuma kayan da mai saye ya zo nema aka ce masa babu. Idan hannunka ya fi faɗawa da ajami, ka rubuta da ajami, ai littafin naka ne. An ce mako huɗu ne domin kowace kasuwar mako ta ci sau huɗu, ƙarshen wata kuma ya shigo ciki.

Idan ka zauna da littafin bayan wata guda, za ka ga ta inda kuɗin suke tsiyaya, kuma kowace ɓaraka da maganinta. Wanda asararsa ta tafiyar wayam ce, haɗa lodi yake buƙata. Wanda tumatir yake ruɓe masa, mazubi da sanyi yake buƙata. Wanda bashi ya yi wa katutu a hannun mutane bai san adadinsa ba, manhajar ajiye lissafi ce tasa. Mutumin da ya je ya saka wa motarsa na'urar bin sawu alhali matsalarsa bashin da ba a rubutawa ne, ya bar jaki yana dukan taiki. Akwai kuma wata jarrabawa a ɓoye cikin wannan aiki: wanda ya kasa riƙe littafi na mako huɗu ba zai riƙe manhaja ba, domin manhaja ba ta san komai ba sai abin da aka zuba mata.

Daidaita awo kafin ka kira kwamfuta

Wannan shinge ne da masu tallan fasaha ba su cika hangowa ba. Kayan masana'anta sun zo da shirinsu, domin 'yan layukan nan baƙaƙe da ke jikin leda ko kwali lamba ce da kyamarar waya take iya karantawa, kuma idan ta fara da 615 to a Najeriya aka yi mata rajista. Amma gero da dawa da wake da manja da sukarin ƙulli ba su da lamba. Kwanon awo na wannan kasuwa ba lallai ya yi daidai da na waccan ba, ana shafe bakinsa a wani wuri ana tula shi a wani wuri, buhun da ake kira ɗaya kuma nauyinsa ya danganta da wanda ya ɗinke shi. Kwamfuta ba ta san gyara ba, ba ta kuma san ragi don an haɗa kaka ba.

Abin yi shi ne ka sayi sikeli, ka auna kwanonka sau goma da kowane irin hatsi, ka ɗauki tsaka-tsaki ka rubuta. Daga nan ka tsayar da ma'auni ɗaya da za ka riƙa shigar da kaya da shi, ka kuma rubuta yadda kowane katan yake rarrabuwa zuwa dozin da ɗai-ɗai. Kowane kaya ya zama da suna ɗaya tak, domin idan yaron safe ya rubuta “taliya ƙarama” na yamma kuma ya rubuta sunan kamfaninta, manhaja za ta ɗauka kaya biyu ne, ta ce maka ɗaya ya ƙare alhali yana jibge a sito. Gyara kuwa kada ka daina, amma ka ba ta layinta a lissafi, ka san nawa take ci a wata.

Sabis da wuta

An fara sabis na 5G a Najeriya a 2022, kuma birnin Kano yana cikin biranen farko da suka samu, amma har yau akwai ƙauyukan da sai an hau tudu ko an tsaya a gindin wata sananniyar bishiya kafin saƙo ya tafi. Saboda haka kada ka yarda da taswirar da kamfani ya zana, ka yi gwajinka da kanka. Ka samu layukan kamfanoni daban-daban, ka gwada su a shago da sito da tasha da kuma tsawon hanyar da motarka take bi, da safe da yamma, musamman ranar kasuwa da tsakar rana lokacin da taron jama'a yake shaƙe sabis. Layin da ya fi a gidanka ba dole ne ya zama shi ya fi a hanya ba.

Idan mai tallan manhaja ya zo, gwajin da ya fi kowane tona asiri ba ya cin minti biyu: ka ce ya kashe data, sannan ya shigar da ciniki a gabanka. Idan manhajar ta karɓa ta ajiye har sabis ya dawo ta aika, to an yi ta ne da irinmu a zuciya. Idan ta tsaya tana juyi, ka yi masa godiya ka sallame shi. Ka kuma tambayi yawan datar da take ci, domin a Janairun 2025 hukumar sadarwa ta ƙasa ta amince wa kamfanoni ƙarin farashi har kashi 50 cikin 100. Duk tsarin da za ka kafa, ka bar masa ƙofar baya ta gajeren saƙo da lambobin nan na banki da ake dannawa da tauraro, waɗanda suke aiki ko a ƙaramar waya mai madannai. Yana da kyau kuma a sani cewa waya tana gane inda take ne daga tauraron ɗan'adam, ba ta buƙatar data domin wannan. Idan aka sauke taswirar yankin a wurin da sabis yake da ƙarfi, za ta yi aiki a daji.

Maganar wuta gajera ce, domin kowa ya san ta. A Oktoban 2024 yawancin jihohin Arewa sun shafe fiye da mako guda cikin duhu, ƙauyuka da dama kuma ko turke ba a kafa musu ba. Ka tanadi ƙaramin faifan sola da batir domin wayar kasuwanci da na'urar POS kaɗai, ba domin cajin dangi da maƙwabta ba. A lokacin hunturu a riƙa goge faifan kullum, saboda ƙura tana rage masa ƙarfi ƙwarai. A bazara kuma, lokacin da zafi yake haura maki 40, kada a bar waya a gaban gilashin mota, domin batirinta kumbura yake yi. Batirin solar da ya mutu a mayar wa masu sayen tsofaffi, kada a bari yara su fasa shi, saboda dalmar da ke ciki guba ce.

Haɗa lodi, inda ribar take

A ganina nan ne ɗan kasuwar karkara zai fi samun amfani da kuɗi mafi ƙanƙanta, kuma abin da ake buƙata yana cikin aljihun mutane tun tuni. Masu shaguna shida zuwa goma da suke kan hanya ɗaya su buɗe zaure a WhatsApp, su tsayar da ranar da mota za ta shiga Kano da lokacin da za a rufe karɓar saƙo, misali bayan sallar isha'i ta daren tafiya. Saƙon murya ya wadatar, ba sai kowa ya iya rubutu ba. Mutum ɗaya, magatakarda, shi zai tattara saƙonnin ya mayar da su rubutu, ya san yawan katan da buhu, ya san girman motar da za a kira. Kowane shago a ba shi lamba, a rubuta ta da alƙalami mai kauri a jikin kayansa, a ɗauki hoto wajen lodi, a sake ɗauka wajen saukewa. Waɗannan hotuna biyu suna kashe rigimar da a da sai an kai ta gaban mai gari.

Sai kuma cike tafiyar wayam. A shigar da manoma da masu sayen hatsi na yankin cikin tsarin, domin motar ta tashi da riɗi ko zoɓo ko wake zuwa Dawanau, ta dawo da kayan masarufi. A misali, idan zuwa da dawowa naira 120,000 ne, kayan manoma kuma suka biya naira 40,000 a tafiya, to kashi ɗaya cikin uku ya sauka daga wuyan masu shaguna, an kuma fasa tayar da mota ta biyu da za ta ƙona nata man. Ranakun kasuwanni ma su shiga lissafi, tunda an san Wudil Juma'a take ci, Dambatta Lahadi, Maigatari Alhamis, kuma a irin waɗannan ranaku mota tana wuya, ko kuma a samu wadda za ta koma wayam a yi ciniki da ita da sauƙi.

Wahalar wannan tsari ba ta waya ba ce. Masu shagunan abokan gasa ne, kuma babu mai son maƙwabcinsa ya san abin da ya saro, a wurin wa, a kan nawa. Idan aka ce kowa ya faɗi saƙonsa a zaure, zauren ba zai yi wata biyu ba. Maganinta shi ne kowa ya aika wa magatakarda nasa a keɓe, abin da za a sanar a zaure kawai shi ne yawan wurin da ya rage a mota. Magatakardan kuma kada ya zama mai shago. A nemi malamin makaranta ko wani matashi da aka yarda da riƙon amanarsa, a yanka masa lada a kan kowace tafiya, domin aikin sa-kai ba ya daɗewa. A tuna da matan da suke sana'a a cikin gida, masu man gyaɗa da ƙuli-ƙuli da masu sayar da sabulu da kayan miya, waɗanda saronsu yake bi ta hannun yara da 'yan aike. Saƙon murya yana ba su damar shiga tsarin daga ɗakunansu, ƙananan saƙonninsu kuma su ne suke cike gurbin da ya rage a mota.

Adireshi ma sai an yi masa dabara. “Bayan masallacin Juma'a, kusa da injin niƙa” ya ishi direban da ya san gari, amma bai ishi baƙo ko manhaja ba. Kowane mai shago ya tsaya a ƙofar shagonsa ya aika da alamar wurin ta waya sau ɗaya, magatakarda ya adana. Sai dai kada a miƙa wa taswira ragamar hanya gaba ɗaya. Ita gajeriyar hanya take nema, ba ta san cewa wadda ta ratsa fadama ba ta biyuwa daga Yuli zuwa Satumba ba, ba ta kuma san kwalbatin da ruwa ya cinye jiya ba. Wanda ya ga ambaliyar 2022 a Jigawa, yadda ta yanke hanyoyi a yankin Haɗeja da Ringim, ya san cewa dole kowane zango ya zama da hanyar rani da hanyar damina, kuma direba ne zai faɗe su.

Mutanen da na'ura za ta taɓa

A wani gari da ke gabas da Kano na ga yadda wani mai mota ya kusa rasa direbansa. Ya sa an ɗaura wa kantarsa na'urar bin sawu a ɓoye, sai wata rana mai gyaran wayar mota ya ci karo da ita a ƙarƙashin sitiyari ya nuna wa direban. Da yamma direban ya zo ya durƙusa, ya ajiye makulli a kan tabarma, ya ce: “Alhaji, shekara tara ina jan motarka, ko kwali ɗaya bai taɓa ɓata a hannuna ba. Idan zargina kake yi, ga makullinka.” Alhajin ya ce: “Haba Malam, ba kai nake zargi ba, ɓarayin mota nake tsoro.” Direban ya ce: “Allah ya ba ka nasara, da ɓarayi ne ai da ka gaya mini.” Sai da dattawa suka sa baki kafin ya ɗauki makullin.

Saboda haka a faɗa wa direba tun kafin a saka, a nuna masa abin da take nunawa a waya, a bayyana masa amfanin da zai samu idan mota ta lalace a daji ko aka tare hanya. Akwai kuma wata gaskiya da ba a son faɗa a fili: albashin direbobi da yawa bai taka kara ya karya ba, abin da yake riƙe su shi ne ɗan fasinja ko ɗan buhun da suke ɗauka a hanya, mai mota ya sani ya kau da kai. Na'urar bin sawu tana toshe wannan ƙofa, kuma wanda aka toshe wa abinci zai nemi yadda wayar na'urar za ta tsinke “da kanta”. Idan za ka toshe, ka buɗe wata: ka ware masa kaso sananne daga abin da aka rage na mai, ko daga kuɗin lodin komawa. A zaɓi na'urar da take adana sawun tafiya a inda babu sabis, ta aika idan an fito fili, in ba haka ba kowane gurbi a taswira zai zama abin zargi.

Haka batun dillali da ɗan kamasho. Manhajoji da yawa suna alfaharin cewa za su kawar da mai shiga tsakani, amma dillalin Dawanau ba tsayuwa kawai yake yi a tsakani ba. Shi ne mai lamuni, shi ne mai masauki, shi yake cusa hannu cikin buhu ya san ko an yi algus, shi kuma ake kamawa idan baƙo ya gudu da kuɗi. Babu manhajar da take yin waɗannan a yau. Ya fi sauƙi a sa waya a hannun dillalin, ya riƙa aiko da hoto da farashi da nauyi, a kan a yi yunƙurin tsallake shi. Tasha kuma tana da shugabanni da layi da ka'ida, saboda haka kafin motar haɗin gwiwa ta fara lodi a je a gaishe su, a yi musu bayani, a biya abin da aka saba biya.

Na ƙarshe shi ne yaron shago. A wurare da yawa shi kaɗai ya san lambar sirri, shi kaɗai ya iya manhajar, ranar da ya tafi makaranta ko aka ɓata kuma sai lissafin ya tafi tare da shi. A koya wa mutum biyu, kuma maigida, komai shekarunsa, ya daure ya koyi abu uku da hannunsa: duba cinikin yini, duba masu bashi, da sauya lambar sirri.

Kuɗi: karɓarsu da nemansu

Ƙarancin takardun kuɗi na farkon 2023, wanda ya biyo bayan sauya fasalin naira 200 da 500 da 1,000, ya koya wa karkara taransfa da ƙarfin tsiya, har ta kai yanzu da wuya a shiga kasuwar mako ba a ga masu POS a jere ba. Amma an koye ta ne cikin gaggawa, ba a koyi ka'idojinta ba. Kada a saki kaya don mai saye ya nuna fuskar wayarsa, ko don gajeren saƙo ya shigo, tunda alat na bogi ya zama ruwan dare. A buɗe asusu a ga kuɗin sun zauna. A raba asusun kasuwanci da na cefane. Duk wanda ya kira ya ce daga banki yake yana neman lambar sirri ko lambar da aka turo, ɓarawo ne. A kuma yi magana tun kafin ciniki a kan wanda zai ɗauki cajin cirewa da harajin naira 50 da ake cira a kan kuɗin da suka kai naira 10,000, da abin da za a yi idan kuɗi suka maƙale a hanya, domin a nan ne zumunci yake yawan ɓaci.

Kayan fasaha kusan duk daga waje ake shigo da su, kuma tun da aka saki naira a Yunin 2023, dalar da take wajen naira 460 a farashin hukuma ta haura naira 1,500 a farkon 2024. Kuɗin saye kuma shi ne ƙarami. Akwai kuɗin wata-wata na manhaja, da data, da gyara, da kuɗin motar zuwa kasuwar waya ta Farm Centre a Kano idan abu ya lalace. Ka lissafa na shekara guda cif, ka gwada shi da asarar da littafinka ya nuna, idan bai biya kansa ba ka haƙura tukuna. Mutane da yawa suna gudun bashin banki saboda kuɗin ruwa, kuma suna da mafita: bankunan da ba sa mu'amala da ruwa, irin su Jaiz da ya fara aiki a 2012 da TAJ da ya biyo baya a 2019, suna da tsarin murabaha, inda banki yake sayen kayan ya sayar maka da riba sananniya ka biya kaɗan-kaɗan. Ga ƙananan kaya kamar sikeli da sola, adashi ya wadatar. Manhajojin ba da bashi nan take kuwa, waɗanda suke neman izinin shiga lambobin da ke cikin wayarka, a yi nesa da su.

Kayan gwari

Mai harkar tumatir da tattasai daga Kadawa da Kura da Bunkure, inda ruwan madatsar Tiga yake ba da noman rani, ya san cewa asararsa a cikin kwando take farawa. Idan aka ɗora kwando a kan kwando, na ƙasa ne yake ɗaukar nauyin na sama, kafin a kai kasuwar 'Yankaba da ke Kano ruwa ya fara ɗiga, balle a ce Legas za a, tafiyar kimanin kilomita 1,000. Akwatin roba mai ɗaukar kimanin kilo 25 yana zama ne a kan gefen ɗan'uwansa, ba a kan tumatir ba, iska kuma tana ratsa shi. Abin da yake hana shi karɓuwa shi ne tsada da kuma dawowa, domin kwando ana iya barinsa a can, akwati kuwa dole ya dawo gida. Nan ne fasaha take da aiki na gaske: a ba kowane akwati lamba, a rubuta wanda ya karɓa da ranar, a karɓi kuɗin jingina. Lambar nan mai murabba'i da ake kira QR, a Japan aka ƙirƙiro ta a 1994 domin bin sawun kayan haɗa mota a masana'anta, saboda haka bin sawun akwatin tumatir bai fi ƙarfinta ba. Idan babu halin buga ta, fenti da littafi suna yin aikin.

Na'urar auna zafi da ake sakawa cikin lodi ba ta sanyaya komai, labari kawai take bayarwa, kuma labarin ba shi da amfani ga wanda ba shi da inda zai kai kayan. A fara da tsinka da sassafe, da ajiyewa a inuwa, da tafiyar dare. Inda ake da ɗakin sanyi mai aiki da sola, irin wanda kamfanin ColdHubs ya fara kafawa a kasuwanni, ana biya ne a kan kowane akwati a kowace rana, wanda ya fi wa ƙaramin ɗan kasuwa sauƙi a kan mallakar nasa. Ga mai tireda kuwa, dabarar da ta fi dacewa daga Jigawa ta fito: Mohammed Bah Abba, malami a Dutse, ya yaɗa tukunya cikin tukunya da jiƙaƙƙen yashi a tsakani, wadda take sanyaya kayan miya ba tare da lantarki ba, har ta kai shi ga samun lambar yabo ta Rolex a 2000. Ta fi aiki a lokacin rani da iska take a bushe.

Kafin ka sa hannu

Idan ka kai matsayin ɗaukar manhajar kamfani, ka tambayi wanda ya mallaki bayanan da za ka zuba. Sunayen abokan cinikinka da lambobinsu da bashin da ake binsu amana ce, kuma tun Yunin 2023 Najeriya tana da dokar kare bayanan jama'a. Ka tambaya ko za ka iya fitar da lissafinka gaba ɗaya ka adana a wani wuri idan kamfanin ya rufe ko ka sauya ra'ayi, ko akwai wanda zai amsa maka waya da Hausa, da kuma garin da mai gyaransu mafi kusa yake zaune. Kada ka juya dukan harkarka a rana ɗaya. Ka gwada a hanya ɗaya ko a shago ɗaya har wata uku, littafi yana tafiya kafaɗa da kafaɗa da waya, sannan ka duba abu uku: kuɗin mota a kan kowane katan, yawan tafiyar wayam, da yawan abin da ya lalace.

Manhajar hasashen ciniki ita ce ta ƙarshe a layi, domin daga tarihin cinikinka take koyo, kuma sai ta ga shekara guda ko biyu kafin maganarta ta zama abin kamawa. Yawancinsu an gina su ne a kan kalandar Bature, alhali cinikin sukari da gero da man girki a nan azumi yake bi, shi kuma azumi yana matsowa da kimanin kwana 11 kowace shekara. Kuɗi suna shiga hannun mutanen ƙauye da kaka, suna ƙarewa a tsakiyar damina lokacin da rumbu ya yi ƙasa, bukukuwan aure kuma suna yawaita bayan an kai amfanin gona gida. Saboda haka tun daga shafin farko na littafinka ka riƙa rubuta kwanan watan Musulunci kusa da na Bature, ka kuma sa alama a makon da aka yi shuka, da makon da sabon gero ya shigo kasuwa, da makon da ruwa ya yanke hanya.